Tambaya kan rayuwar Beatrix Potter da yadda ta yi littattafan yara masu hotuna

Maman Sadiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fatan masu sani za su yi mini bayani. 'Yata mai shekara huɗu ta samu kyautar wani ɗan littafi na Beatrix Potter, wato labarin zomon nan mai suna Peter Rabbit, kuma tun daga ranar ba a kwanciya barci sai an karanta shi. Ba ta iya karatu ba tukuna, ni nake ba ta labarin da bakina tana kallon hotuna. Akwai shafin da zomon ya maƙale a cikin raga saboda maɓallan rigarsa, kuma duk sanda muka kai nan sai ta ɗora yatsanta a kan hoton, ta riƙe mini hannu kada in juya, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake ni. Ta san zai kuɓuta, domin ta ji labarin sau da yawa, amma hakan bai taɓa rage mata fargabar ba.

Ganin haka ya sa na ce bari ni ma in gwada rubuta mata labari irin wannan, tunda kalmomin ba su da yawa. Na yi mako uku a kansa, kuma da na karanta mata, kafin in kai shafi na uku ta sauka daga cinyata ta kama wani wasan. A nan na gane cewa akwai abin da ban sani ba game da wannan sana'a. To, wace ce wannan mata, kuma a ina ta koyi aikin? Shin marubuciya ce da ta iya zane, ko mai zane ce da ta iya rubutu? Kuma da gaske mutum yana iya rayuwa da irin waɗannan ƙananan littattafai?

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya same ki ya samu kusan duk wanda ya taɓa gwadawa, saboda haka kada ya karya miki gwiwa. Zan ba ki tarihinta gwargwadon abin da ya shafi tambayarki.

An haifi Beatrix Potter a unguwar Kensington da ke Landan ranar 28 ga Yuli, 1866, a gidan masu hali. Ba a kai ta makaranta ba, malamai mata ake ɗauko mata su koyar da ita a gida, kuma ba ta da abokan wasa sai ƙaninta Bertram, wanda ta girma da shekara shida. Ɗakin karatunsu cike yake da dabbobin da suke kiwo, akwai zomaye da ɓeraye da bushiya da kwaɗi har da jemage, kuma aikinta kullum shi ne ta zauna ta kalle su ta zana. Idan wata dabba ta mutu, ita da ƙaninta sukan tsabtace ƙasusuwan su jera su domin su ga yadda gaɓoɓi suke haɗuwa. Wannan ne dalilin da ya sa zomonta, ko da an sa masa riga, yake tsayawa da gudu kamar zomo na gaske. Ki duba hoton da 'yarki take ɗora wa yatsa, za ki ga ƙafafun baya da yadda kunnuwa suka kwanta duk na dabbar da ta firgita ne, kuma yaro yana gane wannan firgici tun kafin a faɗa masa da baki.

Iyayenta sukan yi hutun bazara a karkara, da fari a Dalguise da ke Sikotland, daga 1882 kuma a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. A can ta shaƙu da nazarin naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima da ke fitowa a wuri mai damshi, da danginsa, ta yi ɗaruruwan zanen su da fenti na ruwa, har da waɗanda ta kalla ta madubin ganin ƙananan halittu. Wani ma'aikacin gidan waya na yankin Dunkeld mai suna Charles McIntosh, wanda ya san tsirrai ƙwarai, ya taimaka mata wajen tantance ire-irensu. A 1897 aka gabatar da takardar bincikenta kan yadda ƙwayoyin naman kaza suke tsirowa a gaban ƙungiyar masana halittu ta Linnean a Landan, amma ba ita ta karanta ta ba, domin a lokacin ba a barin mata su halarci zamansu. Wannan hanya ba ta ɓulle mata ba, sai dai idon da ta horar a kanta shi ta kawo cikin littattafan yara. Yawancin waɗannan zane-zane suna ajiye a gidan tarihi na Armitt da ke Ambleside.

Asalin labarin zomon kuwa wasiƙa ce. Ranar 4 ga Satumba, 1893, ta rubuta wa Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya, ta ba shi labarin zomaye huɗu tare da zane a gefen rubutun. A ganina nan ne babban sirrin aikinta yake. Ba ta zauna tana tunanin yara gaba ɗaya ba, yaro ɗaya ne a gabanta, ta san shekarunsa, ta san abin da zai sa shi dariya da abin da zai tsorata shi. Bayan wajen shekara bakwai ta aro wasiƙar ta faɗaɗa ta, ta aika wa kamfanonin ɗab'i har shida, dukansu suka mayar mata. Ba ta haƙura ba, ta biya kuɗi daga aljihunta aka buga mata kwafi 250 a watan Disamba na 1901, da zane baƙi da fari in ban da hoto ɗaya na farko mai launi. Daga baya kamfanin Frederick Warne, wanda yana cikin waɗanda suka ƙi shi da fari, ya karɓi littafin bisa sharaɗin ta sake yin hotunan da launi, aka fitar da kwafi 8,000 a watan Oktoba na 1902. Shekarunta 36 a lokacin.

Saboda haka, Malama, littafin da kike karantawa cikin minti goma ya ɗauki shekara tara daga wasiƙa zuwa kanti, kuma kafin wasiƙar akwai wajen shekara ashirin na kallon dabbobi da zana su. Ga tambayarki ta biyu, ni dai ina ganin mai zane ce tun asali, rubutun daga baya ya biyo.

Hajiya Binta

Malam Habibu ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Amma zan ɗan saɓa masa a magana ta ƙarshe, kuma ina yin haka ne a matsayin wadda ta daɗe tana yi wa littattafan yara zane. Cewa rubutun daga baya ya biyo bai yi wa matar nan adalci ba. Tun tana wajen shekara goma sha huɗu har ta kai talatin tana rubuta abubuwan da suka faru da ita a wani kundi, da wasu alamomin sirri da ta ƙirƙira da kanta, waɗanda ba wanda ya iya warware su sai wani mai bincike, Leslie Linder, a 1958, shekara goma sha biyar bayan rasuwarta. Wadda ta yi shekara goma sha biyar tana rubutun da ba mai karantawa sai ita, ta horar da alƙalaminta kamar yadda ta horar da idonta.

Abin da nake so ƙanwata Maman Sadiya ta fahimta shi ne, littafin yara mai hotuna ba labari ba ne da aka yi wa ado da zane. Magana da hoto suna raba aiki ne a tsakaninsu, abin da ɗaya ya faɗa ɗayan ba ya maimaitawa. Na koyi wannan da wahala. A aikina na farko marubucin ya ce yarinya ta sa jan takalmi ta fita tana murna, ni kuma na zana yarinya da jan takalmi tana fita tana murmushi, na yi kwana da kwanaki ina gyara launin takalmin. Editan ta mayar mini da shi, ta ce idan hoton bai ƙara komai a kan jimlar ba to ɗayansu ba shi da amfani. Na sake zanawa, na sa ƙanin yarinyar a bayan ƙofa yana leƙenta, riƙe da tsohon takalminta a hannu. Rubutun bai ambace shi ba ko sau ɗaya, amma duk yaron da aka nuna wa shafin shi yake fara nunawa. Marubucin ma daga baya ya cire kalmar da ke nuna launin takalmin, tunda ido ya riga ya gani.

Wanda ake yawan dangana wannan salo gare shi shi ne Randolph Caldecott, mai zane ɗan Ingila da ya rasu a 1886, wanda ake ba da lambar yabo da sunansa a Amurka tun 1938 ga littafin hotuna mafi fice na shekara. Mahaifin Beatrix Potter ya sayi wasu zane-zanensa na asali, ita kuma ta tashi tana kallonsu tana ganin girman aikinsa. To, ita ma tana da malamai, ko da ba ta zauna a gabansu ba.

Abu na biyu shi ne juya shafi. Riƙe miki hannu da Sadiya take yi ba haka kawai ba ne, an gina littafin ne domin hakan ya faru. Ana dasa tambaya a ƙarshen shafi, a ɓoye amsarta a bayansa, yaro kuma shi ke da ikon lokacin da za a buɗe. Yawancin littattafan hotuna na yau shafi 32 ne, saboda ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya a ninke ta, adadin ya riƙa zuwa takwas-takwas. Idan aka cire shafin suna da na bayanan ɗab'i, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi, wato shafi biyu masu fuskantar juna, goma sha biyu zuwa goma sha huɗu ba, kalmomin kuma sau da yawa ba sa kai 600. Shi ya sa masu wannan aiki suke ninke farar takarda su yi ɗan littafin gwaji, su yanka rubutun su manna a shafi-shafi, su karanta da ƙarfi suna juyawa. Ina ba ki shawara ki yi haka da labarinki. Ina kyautata zaton a shafi na uku, inda yarinyar ta sauka, za ki tarar kin tsaya bayani ne alhali babu abin da ke faruwa.

Littattafan Potter ba su bi wannan tsari na shafi 32 ba, nata ƙanana ne, hoto a gefe ɗaya, 'yan jimloli a ɗaya gefen, kuma ita ta dage a kan ƙanƙantar domin su dace da hannun yaro, kuɗinsu kuma ya zama sule ɗaya. Ki kuma sani cewa irinta, mai rubutu da zane a hannu ɗaya, ba su ne mafi yawa ba. A yau kamfanin ɗab'i ne yakan zaɓi mai zane, kuma yana yiwuwa littafi ya fito marubuci da mai zane ba su taɓa haɗuwa ba. Saboda haka rashin iya zane ba zai hana ki ba, muddin kin bar wa mai zanen wurin da zai yi magana.

Malam Isiyaku

Na ga ba a taɓa tambayar kuɗi ba, bari in ce wani abu a kanta. Beatrix Potter ta rayu da littattafanta, har ta yi arziki, amma bai kamata a auna sana'ar da ita ba, domin mafi yawan masu wannan aiki suna haɗa shi da koyarwa ko wani aikin zane. Kason da ake biya a kan kowane kwafi kaɗan ne, kuma idan marubuci daban mai zane daban, raba shi suke yi.

Ita ta bambanta ne saboda ta san kasuwanci. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon da hannunta ta yi mata rajistar mallaka, daga baya aka yi ta fitar da wasanni da littattafan shafa launi da kayan shayi na yara, duk da izininta da sa idonta. Duk da haka ta yi babbar asara a wuri ɗaya, domin ba a yi wa littafin farko rajistar haƙƙin mallaka a Amurka ba, sai masu ɗab'i na can suka yi ta buga shi ba tare da sun biya ta komai ba. Duk mai niyyar shiga wannan harka ya karanta yarjejeniyarsa da kyau a kan wannan batu.

A 1905 editanta, Norman Warne, ya nemi aurenta ta amince, ko da yake iyayenta ba su so ba saboda suna ganin ɗan kasuwa bai kai matsayinsu ba. Wata ɗaya bayan haka ya rasu. A shekarar ce ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey da ke yankin tafkuna, da kuɗin littattafai da ɗan gadon da ta samu, kuma gidan gonar da lambunsa sun fito ƙarara a hotunan littattafan da suka biyo baya, kamar labarin agwagwar da ta fitar a 1908. A 1913, tana da shekara 47, ta auri William Heelis, lauyan da yake taimaka mata wajen sayen filaye. Daga nan rubutu ya ja baya, idonta ya fara rauni ga zane mai ƙananan layuka, hankalinta ya koma kan noma da kiwon tumakin Herdwick, irin da ke jure sanyin duwatsun yankin. Ta rasu ranar 22 ga Disamba, 1943, ta bar wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da filaye da wuraren tarihi a Ingila, fiye da eka 4,000 na fili da gonaki domin kada a lalata su. Ƙananan littattafanta 23 ne, kuma mafi yawansu an yi su ne cikin shekara goma sha ɗaya na farko. Ni kam ina jin takaicin wannan, domin da ta ci gaba da irin ƙwazon farko da yara sun samu ninkin abin da suka samu.

Maman Sadiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ninke takardar jiya da dare kamar yadda kika ce, kuma gaskiyarki ce, shafi biyu cur na ɓata ina bayanin gidan da yarinyar labarin take zaune. Saura abu ɗaya da yake damuna, Malam Habibu. A farkon littafin uwar zomayen ta gaya musu cewa mai lambun da ta hana su shiga ya kama mahaifinsu, matarsa ta dafa shi. Ni tsallake wurin nake yi idan ina ba Sadiya labarin. Shin ya dace a faɗa wa ƙaramin yaro irin wannan?

Malam Habibu

Kafin in amsa, na karɓi gyaran Hajiya Binta game da kundin sirrin, ta fi ni gaskiya. Malam Isiyaku kuma, ban raba takaicinka ba sosai, domin matar da ta koma kiwon tumaki ita ce dai yarinyar da ta tashi tana kallon dabbobi, kuma filayen da ta tsare su ne waɗanda ta zana.

Malama, ke kika san 'yarki, kuma hukunci naki ne. Amma ra'ayina shi ne kada ki tsallake. Wannan jimla ɗaya ita ke riƙe da labarin gaba ɗaya, domin idan ba a san abin da ya sami uban ba, shiga lambun yawo ne kawai, ragar kuma ba abin tsoro ba ce. Potter ta faɗi maganar a taƙaice, ba ta tsaya kwatanta ta ba, ta wuce. Ta girma tana ganin yadda dabbobi suke cin juna da yadda mutane suke cin dabbobi, kuma ba ta yarda a yi wa yaro ƙarya a kan haka ba. Haka ma ba ta gudun sa kalma mai wuya a inda ta ga ita ce daidai, domin ta san yaro yana jin daɗin babbar kalma a bakinsa, hoton da jimlar da ke kusa kuma su nuna masa ma'anarta. Abin da ta kiyaye shi ne ƙarshen labari, inda zomon ya koma gida ya tarar da uwarsa, aka kwantar da shi aka ba shi magani. Yaro yana iya ɗaukar tsoro mai yawa idan yana kan cinyar uwarsa kuma ya san za a dawo da shi gida.

Ina kuma zaton Sadiya ta riga ta fahimci haɗarin daga hoton mai lambun da yake bin zomon da manjagara a hannu, ko da ba ki faɗa mata ba. Ki gwada faɗa mata yau da dare da muryarki ta kullum, ba tare da kin canza fuska ba, sa'an nan ki saurari abin da za ta tambaye ki. Idan kin samu dama ki dawo ki gaya mana abin da ta ce, da kuma yadda shafi na uku ya kasance bayan kin rage shi.